Abin da bai tsufa ba a fim ɗin James Dean na 1955

Fim ɗin Rebel Without a Cause, wanda Nicholas Ray ya ba da umarni, ya fito a Amurka a ƙarshen Oktoban 1955, kusan wata guda bayan jaruminsa James Dean ya rasu a haɗarin mota yana ɗan shekara 24. Wannan rasuwa ta ɗauke hankalin jama'a, har ya zama an fi tuna jar jaket ɗinsa fiye da labarin kansa. A ganina fim ɗin ya cancanci kallo a yau, amma ba ko'ina ne ya tsira daga tsufa ba.

Inda ya gaza shi ne wajen bayyana tushen matsalar. Ya ɗora alhakin kangarewar Jim Stark, saurayin da Dean ya fito a matsayinsa, a kan rauni irin na mahaifinsa, kuma hujjar da ya kawo ita ce nuna uban durƙushe, ɗaure da rigar girki, yana kwashe abincin da ya zube masa a ƙasa. Mai kallon yau zai yi wuya ya yarda cewa hidimar da miji ya yi wa iyalinsa ce ke lalata ɗa.

Sauran fim ɗin kuwa yana nan da ƙarfinsa. Samari biyu, Jim da abokin hamayyarsa Buzz, sun nufi bakin dutse a guje cikin motocin sata, a kan cewa wanda ya riga dirowa shi ne matsoraci. Hannun rigar Buzz ya maƙale a mariƙin ƙofar mota, ya faɗa da ita ya mutu. Duk wanda ya ga yadda matasa ke sayar da rai a kafafen sada zumunta don abokai su yaba musu zai gane wannan wasa nan take.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Plato, yaron da Sal Mineo ya fito a matsayinsa. Ɗan masu hali ne, amma iyayensa sun rabu sun bar shi a hannun mai aikin gida, uban bai san komai ba sai aiko da kuɗi. Shi ya sa ya liƙe wa Jim da Judy, budurwar da Jim ke so, yana neman uba da uwa a wurin sa'o'insa. A ƙarshe 'yan sanda suka harbe shi a gaban ɗakin nazarin taurari na Griffith a Los Angeles, bayan Jim ya riga ya zare harsasan bindigar da Plato ke riƙe da ita. Saboda wannan yaro nake ganin iyaye sun fi 'ya'yansu buƙatar kallon fim ɗin.