Wythenshawe: garin da aka gina a gandun masu sarauta, aka bar kasuwarsa a baya

A kudancin Manchester ta ƙasar Ingila, tsallaken kogin Mersey, akwai unguwar da ake kira Wythenshawe. Shekara ɗari da suka wuce gonaki ne da kurmi da tafkuna, galibi mallakar zuriya ɗaya, iyalan Tatton, waɗanda suka gina babban gidansu na katako a wurin wajajen 1540 suka zauna a cikinsa kusan shekara 400. Yau tana cikin manyan rukunan gidajen hukuma a nahiyar Turai. A ganina waɗanda suka kafa ta sun yi abu mafi wuya daidai, wato mallakar ƙasar, amma sun yi kuskure a jerin aikin, kuma talakan da aka kai can shi ya biya kuɗin kuskuren shekara da shekaru.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, unguwannin ma'aikata irin su Hulme da Ancoats sun cika sun batse, gida manne da gida, hayaƙin masaƙu ya baƙanta bango, tarin fuka yana cin mutane. Majalisar birnin ta nemi shawarar masanin tsara gari Patrick Abercrombie a 1920, ya nuna mata gandun Tatton. Mai gandun na lokacin ya ƙi sayarwa. Da ya rasu a 1924, harajin gado ya hau kan magajinsa, harajin da a Ingila ta wancan zamani ya karya gidajen sarauta da yawa. A 1926 majalisar ta sayi eka 2,500 da ɗoriya, kusan fam 80 kowace eka, farashin gona. A shekarar kuma wani attajirin Manchester, Ernest Simon, da matarsa Shena suka sayi shi babban gidan da eka 250 da ke kewaye da shi da kuɗinsu, suka ba birnin kyauta domin ya zama wurin shaƙatawar jama'a.

Amfanin sayen gandu guda daga hannu guda ba ƙarami ba ne. Takarda ɗaya, iyaka ɗaya, ba ɗaruruwan masu gona da za a bi ɗaya bayan ɗaya ana ciniki, kowa na ƙara kuɗi da ya ji hukuma na zuwa. Mai tsarawa yana iya jan layin babbar magudanar ruwa bisa gangaren ƙasa, ba bisa inda wani ya yarda a ratsa masa ba. Kuma idan darajar wurin ta tashi saboda titi da famfon da hukuma ta kawo, ribar tana komawa aljihun hukumar. Wannan bangaren na yaba masa ba tare da wani sharaɗi ba.

Sai dai mallakar ƙasa daban, ikon gini a kanta daban. Wythenshawe a lardin Cheshire take, ba a cikin Manchester ba, kuma hukumomin Cheshire ba sa son ganin dubban talakawan birni a ƙofarsu. Izinin gini da na haɗa magudanan ƙazanta duk a hannunsu yake. Sai da aka kai maganar majalisar dokokin ƙasa, yunƙurin farko ya faɗi, aka sake, kafin a 1931 a haɗe yankunan Wythenshawe uku, Northenden da Baguley da Northen Etchells, cikin Manchester. Shekara biyar ke nan ana biyan ruwan bashin sayen fili, ginin kuwa yana tafiyar hawainiya.

Wanda aka ba zanen garin shi ne Barry Parker, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsara Letchworth, garin lambu na farko a Ingila. Lissafinsa na mutum 100,000 ne. Gida 12 a kowace eka, ba ƙari. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, saboda haka kowane gida yana samun kamar mita 337 har da rabonsa na hanya, kusan kashi uku cikin huɗu na fuloti mai ƙafa 50 a 100 da muka saba da shi. Gidajen na jan bulo ne, bene hawa ɗaya, bibbiyu ko hurhuɗu a haɗe, kowanne da lambu gaba da baya, da banɗaki a ciki. Ga iyalin da suka fito daga layin da gidaje da yawa ke tarayya a masai ɗaya a tsakar gida, wannan wata duniya ce. Parker ya hana a sare manyan itatuwan gandun, ya lanƙwasa tituna suka kewaye su, ya bar tafkuna a inda suke. Har yau za ka tarar da tsohon icen da ya girmi unguwar tsaye a kwanar layi, saiwarsa ta ɗaga daɓen gefen hanya. Babban titin da ya zana, Princess Parkway, an hana gidaje fuskantarsa kai tsaye, an shuka bishiyoyi a gefensa, domin mota ta wuce ba tare da ta ratsa inda yara ke wasa ba. Makaranta kuma a tsakiyar kowace ƙaramar unguwa, yaro ya je da ƙafa.

Zane mai kyau ne. Zuwa 1939 an gina gida kusan 8,000.

To ina kasuwa? Nan ne gizo ke saƙa. Tallafin da gwamnatin tsakiya ke bayarwa a ƙarƙashin dokokin gidaje na wancan lokaci kan kowane gida ake lissafa shi. Shago, ɗakin karatu, zauren taro, wurin iyo, duk daga aljihun majalisar birni za su fito, ko a jira ɗan kasuwa. Ɗan kasuwa kuwa ba ya zuwa sai ya ga mutane, mutane kuma suna shan wuya kafin ya zo. Sai aka yi ta gina abin da ke da tallafi, aka ɗage wanda ba shi da shi. Aka sami 'yan shaguna a nan da can, da motocin sayar da kayan masarufi masu yawo layi layi. Cibiyar garin da ke cikin zanen Parker ba a fara ganin shagunanta ba sai a shekarun 1960. Ginin Forum, mai ɗakin karatu da gidan wasan kwaikwayo da wurin wasanni, sai 1971 aka buɗe shi. Jaririn da aka haifa a gidajen farko ya kai shekara arba'in kafin garinsu ya sami tsakiya.

Aikin yi ma haka. An ware filin masana'antu a Sharston, daga baya a Roundthorn, filin jirgin sama na Ringway ya buɗe a gefen unguwar a 1938, amma yawancin magidanta ayyukansu na can cikin birni da yankin masana'antu na Trafford Park, mil takwas ko fiye. Kuɗin hayar sabon gida ya fi na tsohon ɗakin da aka baro, ga kuɗin bas kullum safe da yamma, ga kayan abinci sun fi tsada saboda babu gasa. Idan aka tara ukun nan, ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba sai ya rage daga tukunya, ko ya tattara ya koma inda ya fito. Wasu sun koma. Duk wanda ke lissafin gidan talaka bai sa kuɗin mota a ciki ba, rabin lissafi ya yi. Uwar gida kuma da aka raba da mahaifiyarta da maƙwabtan da ke riƙe mata yara, ta sami lambu amma ta rasa mai cewa sannu. Wannan ba ya fitowa a takardar injiniya, alhali shi ne abin da ya fi ci wa mazauna farko tuwo a ƙwarya.

Bayan 1945 an ci gaba da gini a Newall Green da Woodhouse Park da Baguley, amma da gaggawa da ƙarancin kuɗi, aka shigo da benaye masu ɗakuna da yawa waɗanda ba sa cikin tunanin Parker. A farkon shekarun 1970 babbar hanyar M56 ta bi ta kan wani sashe na titin nan mai bishiyoyi, ta tsaga unguwar. Da masana'antu suka durƙushe a shekarun 1980, wurin da dama can bai da isassun ayyukan kansa ya fi kowa jin jiki. A ƙididdigar talauci ta gwamnati ta shekarar 2000, mazaɓar Benchill da ke cikin Wythenshawe ce ta zo ta ɗaya a duk Ingila. Dokar 1980 da ta ba 'yan haya damar sayen gidajensu ta amfani iyalai da yawa, amma ta kwashe gidaje mafi kyau daga hannun hukuma ba tare da an maye gurbinsu ba.

Shi kuwa gidan Tatton yana nan, kuma kyautar Simon ce ta cece shi, domin gidajen sarauta da yawa da aka gina unguwa a filinsu rushe su aka yi, kamar na Castlemilk a Glasgow. A gabansa akwai mutum-mutumin Oliver Cromwell, ɗaya daga cikin jagororin sojojin majalisar dokoki a yaƙin basasar Ingila, da aka kawo daga tsakiyar birni a 1968, yana fuskantar gidan da sojojin ɓangarensa suka yi wa ƙawanya suka ƙwace a 1644. Amma gini na katako mai shekara kusan 500 yana son mai kwana da shi. An rufe shi a 2010 saboda tsuke bakin aljihu, a watan Maris na 2016 wani ya cinna masa wuta, rufin da hasumiyar ƙararrawa suka ƙone. Gyaran ya ci fam miliyan shida da wani abu, kuɗin da ya ninka na gadi da kulawa sau da yawa, kuma sai 2022 aka sake buɗe shi, da ƙoƙarin mazauna unguwar da suka kafa ƙungiyar sa kai domin kula da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgin ƙasa. Tashoshi biyun da ke gefen unguwar, Northenden da Baguley, an rufe su a 1964, daidai lokacin da jama'arta ke dab da cika 100,000 ɗin da aka lissafa. Daga nan sai bas. Taragon lantarki na Metrolink da ya haɗa tsakiyar Wythenshawe da birni da filin jirgin sama bai fara aiki ba sai Nuwamban 2014, shekara 83 bayan shigarta cikin Manchester.