Gidan filofi ya kwantar min da inji, masu gyara sai cin kuɗi

Wallahi abin da wasu masu gyaran kwamfuta suke yi mana ya isa haka nan. A kawo maka gidan filofi, wato na'urar da ke karanta tsohon faifan nan na ajiye bayanai na kwamfuta, ko sukuru ɗaya ba ka kwance ba, ka jujjuya shi a hannu ka ce, "Alhaji, wannan ai ya mutu, wa yake amfani da filofi yanzu?" Sannan ka miƙo hannu a ba ka kuɗin dubawa. Dubawar me?

To mu ne muke amfani da shi. Injin da nake yi wa kaftani da babbar riga aikin wuya da shi tsohon ɗan Jafan ne, na hannu, kuma ba ya karɓar zane ta ko'ina sai ta faifan nan mai inci 3.5. Allura lafiya, mota lafiya, zare na tafiya sumul. Amma ran da gidan filofi ya ƙi karatu, sai dai yara su ɗora masa kwanon abinci. Kuma kada wani ya ce ƙauyanci ne: gwamnatin Jafan da kanta sai a 2024 ta soke dokokin da suka wajabta miƙa bayanai a kan filofi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yawancin ciwon ba wani babba ba ne. Ƙurar hunturu ce take daskarewa a kan 'yan kawunan da ke karanta faifan, sama da ƙasa, auduga da sifirit sun ishe su. Ko kuma giris ɗin sandar da ke tura kan gaba da baya ya bushe ya zama danƙo, ka ji yana ƙar-ƙar-ƙar bai motsa ba. Wasu samfurin bel ne na roba ya narke. Aikin haƙuri ne da ido, su kuwa yaran yanzu sun fi gane canza sikirin ɗin waya a cake kuɗi.

Ka ce bari ka sayi wani, nan ne za ka sha mamaki. A zaro maka ɗaya daga buhun kwamfutocin gwanjo, duk tsatsa, ba gwaji, ba garanti, in ka fita ƙofa shi ke nan. Wani ya ce zai sa a aiko daga Ikko, ka biya kuɗin mota, a kawo maka gawa. Ko mai rai ka dace da shi, ba lallai ya yi ba. Igiyar dai iri ɗaya ce, mai fil 34, amma gidan filofin kwamfuta yana aika saƙon an canza faifai ne ta fil na 34, alhali injuna da yawa saƙon "na shirya" suke jira ta wannan layin. Mai shago bai san wannan ba, bai kuma damu ya sani ba. Shi dai ciniki.

Faifan ma wani tashin hankali ne. Tun 2011 Sony ya daina yin sa, abin da ya rage a kasuwa tsohon ajiya ne, wani har ya yi fumfuna, ka saka shi ya ɓata maka kan da ka goge jiya. Injina kuma faifai mai ɗaukar 720KB yake ci, kasuwa kuwa duk 1.44MB ne, sai ka liƙe ramin gefe da salatif ka sake fomatin, kana addu'a.

Da na gaji na nemi Gotek, ɗan akwatin nan da ake sakawa a gurbin gidan filofi ya riƙa karanta filash. Na maimaita wa mai sayarwar cewa mai 720 nake so, ya ce "An gama, ranka ya daɗe." Ya karɓi kuɗi cas, ya aiko mai 1.44. Da na kira, wai injina ne ke da matsala. Haba malam! Ga Sallah ta matso, ga shaddar mutane jibge a shago, masu kaya suna min kallon maƙaryaci, shi kuma tun ranar ya daina ɗaga wayata.