Tayar bazara a keke mai ƙafa ɗaya: ra'ayin wanda ya sha ƙasa

Tun jiya da na saka hoton keken nan nawa mai ƙafa ɗaya kwance a tsakar ɗaki, an yi masa fiɗa, notuna cike da kofin shayi, mutane ke ta tambaya me ya lalace. Babu abin da ya lalace, taya nake canjawa. Wani yayana daga Maraɗi har ya rubuto yana cewa, "Ashe Faransar da ka je faci ka koma yi?" Na ce masa, Yaya, ai a nan wanda bai iya facin kansa ba aljihunsa ne zai yi kuka. To tunda maganar ta taso, bari in zazzage abin da ke cikina game da tayar bazara, don na gaji da jin masu irin keken nan suna zaɓen taya kamar yadda ake zaɓen hular sallah.

Ga wanda bai san abin ba: taya ce guda ɗaya tak, injin lantarki a cikin cikinta, batir a gefe da gefe, da wurin ɗora ƙafa biyu. Faransawa na ce masa gyroroue. Ka karkata gaba ya tafi, ka jingina baya ya tsaya. Ba shi da kan da za ka riƙe, ba shi da birkin da za ka matsa. Kamfanonin da suka yi suna a ƙera shi, InMotion da King Song da Begode da LeaperKim, duk a China suke. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: tashinka, tsayawarka, shan kwanarka, duk suna bi ne ta ɗan wurin da robar ke taɓa kwalta, wanda bai kai tafin hannun yaro ba. Mai mota yana da huɗu, in ɗaya ta yi santsi uku su rufa masa asiri. Mai babur yana da biyu. Mu kuwa ɗayar nan ce uwa, ita ce uba.

A nan birnin Liyon na Faransa hunturu na zuwa da ganye jiƙaƙƙe da laka da sanyin da ke sa roba ta ƙage. Masu mota ma suna da ƙa'idar cewa in zafi ya yi ƙasa da digiri 7 robar tayar bazara takan fara tauri, riƙonta ya ragu. Shi ya sa da yawanmu ke hawan taya mai haƙora daga Nuwamba zuwa Maris. Wannan ba ni da ja a kai. Inda nake da ja shi ne waɗanda Afrilu za ta shigo, Mayu ta wuce, rana ta buɗe, suna nan da haƙoransu suna ta gurnani a kan kwalta kamar tarakta, ka tambaye su dalili su ce ta fi kyau a ido. Na san wannan ciwon don ni ma na yi shi. Da irinta keken ya zo mini, kuma in ka jingine shi a bakin shago sai ka ga kamar wani ingarma. Bazara biyu na yi ina cewa ba mai raba ni da ita.

Abin da ya raba mu ya faru ne a wani Agusta. An yi makonni ba ko ɗigon ruwa, zafi irin wanda ke sa ɗan Maraɗi ma neman inuwa. Ran nan da la'asar sai ga hadari, aka ɗan yi yayyafi na minti goma ya ɗauke. Na fito daga aiki ina murna gari ya yi sanyi. Na zo wata kwana da nake sha kullum, akwai farin fentin tsallakawar masu ƙafa a bakinta, ban fi gudun mai keke ba. Na karkata, tayar ta ce ba da ita ba. Ban ji wani gargaɗi ba, kawai ganin kaina na yi a ƙasa, keken yana ta ƙara can gefe, wata tsohuwa da ledar burodi tana tsaye a kaina tana tambaya ko a kira motar asibiti. Hular kwano da safar hannu suka cece ni, kafaɗa kuwa sai da ta yi wata guda tana tuna mini. Jiki magayi.

Daga baya na zauna na yi wa abin lissafi. Ruwan farko bayan dogon fari shi ne mafi sharri, domin man mota da ƙura da garin roba da suka taru a kan kwalta duk sai su taso su zama kamar miyar kuɓewa, kuma yayyafin bai isa ya wanke su ba. Taya mai haƙora an yi ta ne don ta nutsa cikin ƙasa mai laushi ta kama. A kan kwalta babu abin nutsawa. Kawunan haƙoran ne kawai ke taɓa ƙasa, tsakaninsu iska ce, in kuma ka karkata sai haƙoran gefe su lanƙwashe a ƙarƙashinka. Wato robar da ke riƙe da kai, da ma ba yawa gare ta ba, ka ƙara rage ta da hannunka. Bazarar Turai kuma ba irin tamu ba ce da ake wata da watanni ba a ga girgije ba. Tasu zafi ne da tsawa a haɗe, ka fita da rana ka dawo a jiƙe. Saboda haka duk wanda ya ce mini tayar bazara, tambayar farko da nake yi ita ce yaya take a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Amma abin da na fi so a duba, kuma shi ne aka fi mantawa, shi ne siffar bayan tayar. Ka tsayar da ita ka kalle ta ta gaba. Wata bayanta a gewaye yake kamar bayan ƙwarya, wata kuma a shafe yake da kafaɗu kamar faifai. Keken nan ba shi da kan da za a juya, da karkata yake shan kwana. Mai bayan ƙwarya in ka karkata ta takan bi ka sannu a hankali, gwargwadon yadda ka nema. Mai shafaffen baya takan ƙi, ta ƙi, kana dannawa da gwiwa tana turjewa, sai ka kai kafaɗarta ta faɗa maka kwana gaba ɗaya. Ita ce kuma mai bin layi. Duk wata tsaga a kwalta, duk wani gaɓar da aka yi facin titi, sai ta kama ta bi, kai kana son dama ita tana son hagu. A garin da ke cike da dogon taram, wato jirgin ƙasan da ke bi ta kan titin gari, kamar Liyon wannan ba abin wasa ba ne. Ko da tayar kirki ma, dogo a gicciye ake tsallaka shi, ba a bin tsawonsa. Na kuma lura cewa zanen da ke da rami ɗaya miƙaƙƙe a tsakiya ya fi son wannan ɗabi'ar fiye da wanda ramukansa suka karkata suna fita gefe.

Sai maganar lamba, inda 'yan kasuwa ke ruɗa mutane. Keken da aka ce maka inci 18 ne, tayarsa a rubuce 18x3.0, wannan lissafin masu keke ne da ke auna tayar daga waje. Ƙarfen da take zaune a kai inci 14 ne, milimita 355. Shi ya sa tayar ƙaramin babur mai lamba 2.75-14 ko 80/90-14 take hawa kansa. Na inci 16 kuma ƙarfensa 12 ne. A 80/90-14, tamanin ɗin faɗi ne a milimita, casa'in ɗin kuma tsayin gefe ne, kashi 90 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 72. Wannan ya buɗe mana kasuwar masu babur, inda ake samun irin su Michelin Pilot Street 2 da Heidenau K66, ko Shinko 244 ga mai son rabi kwalta rabi burji. Sai dai hawa kan ƙarfe daban, shiga cikin akwatin keken daban. Tsakanin taya da jikin keke wani lokaci ɗan yatsa ma ba ya shiga. Ka sayo wadda ta ɗara da milimita kaɗan, ka sha wahalar ɗaurawa, ka kunna ka ji tana gurzar roba. Kuma tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfani biyu ba lallai faɗinsu ya zo ɗaya ba. Ka auna da abin awo kafin ka biya.

Bayan lambar akwai wata kamar 46P. Arba'in da shida na nufin tana ɗaukar kilo 170, P kuma gudun kilomita 150 a awa. Ta farkon ce ta dame ni, don ni da keken da jakar baya duk a kanta muke, ba mai taya ta. Ta biyun kuwa dariya take ba ni in na ji samari suna alfahari da ita. Tun 2019 dokar Faransa ta ƙayyade gudun irin waɗannan kekuna a kilomita 25 a awa, kuma dole ka yi inshora. Me zan yi da tayar da ke jure 150?

A nan ne ma zan ɗan saɓa wa abokaina masu cewa tayar babur ita ce ƙarshen magana. Tana da nata kuɗin da za ka biya. An yi ta don injin da ya ninka namu nauyi, saboda haka ta fi kauri, ta fi nauyi, gefenta ya fi tauri. Nauyin da ke can bakin ƙafa yana juyawa kuwa injin ne ke ɗaukarsa a kowane tashi da kowace tsayawa. In kana hawan tudun unguwar Croix-Rousse da ke nan Liyon za ka ji keken ya ɗan yi kasala, batir ma ya san an canja masa kaya. Mutum marar jiki a kan ƙaramin keke, wanda iyakarsa gida zuwa aiki, tayar titi mara nauyi irin ta CST ko Chao Yang, waɗanda da ma su ake ɗaura wa kekunan nan da yawa daga masana'anta, ta ishe shi. Ni da nake da ɗan jiki, kuma hanyata ke bi ta kan duwatsun daɓen tsohon gari, na ɗauki mai kaurin, na yarda da kasalar, don tana da wuyar hujewa kuma tana daɗewa kafin ta suɗe.

Ku kuma duba ranar haihuwarta. A gefen taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. In ka ga 1524, an yi ta ne a mako na 15 na 2024. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba. Mun saba a gida mu ga tayar gwanjo zanenta raɗau, mai ita yana rantsuwa sabuwa ce, wata biyu ta fara tsattsagewa. Haka ma a intanet, in ka ga an karya farashi fiye da kima, tambayi lambar nan, wataƙila ta shekara biyar a sito.

Iska kuma a bazara sai da safe ake auna ta, kafin a hau. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ɗaga iskar ciki da kusan bar 0.1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), kwalta kuma da tsakar rana ta fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba. Ka cika ta tam, wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara ƙanƙancewa, keken ya riƙa tsalle yana kaɗa maka ƙafa. Ka rage da yawa, ka daki bakin titi, ƙarfen ya lotsa ko ya tsinke tub. Ni a wajen bar 2.4 na tsaya, amma wannan awon jikina ne da tayata, kada wani ya kwafa ya zo yana zagina.

Ɗaurawar ita ce jarabawa. Sai ka kwance rabin keken kafin ka kai ga ƙafar, kana lallaɓa wayar injin kamar jinjiri. Jiya na shanya sabuwar a rana a bakin taga awa guda don ta yi laushi, na shafa ruwan sabulu a bakinta, duk da haka sai da na yi gumi kashirɓan. Na gama, na maida notuna, sai idona ya kai kan kibiyar da ke gefe mai nuna inda ya kamata ta juya. A baibai na ɗaura ta. Wannan ne hoton da kuka gani, kwancewa ta biyu ce, uwargida tana ƙofar kicin tana dariya har da riƙe ciki.

Masu haƙora kada su ce na ci mutuncinsu. Wanda ƙarshen mako ke shiga dajin Monts d'Or da ke bayan garin Liyon yana bin hanyar awaki, haƙoran nan su ne abokansa, bazara ko hunturu. Da zan iya kai keken nan gida, cikin rairayin unguwarmu da tsidau ɗin da ke jiran kowace taya, ni ma da su zan hau. Sai dai jirgin fasinja ba ya ɗaukar batirin da ya wuce Wh 160 a ma'aunin wutar da batir ke riƙewa, nawa kuwa ya kusa ninka wannan sau goma, don haka Yaya sai dai ya ci gaba da ganinsa a hoto.

Yau da asuba na fita gwaji a bakin kogin Rhône, a hankali, don sabuwar taya na da wani sulɓi a fuskarta sai ta ɗan ci kwalta yake gushewa. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Gurnanin nan da na saba ji a tafin ƙafa ya tafi, har ƙarar agwagi nake ji a cikin ruwa. Tsohuwar na wanke ta, na sa ta a baƙar leda na tura ƙarƙashin gado, sai Nuwamba in Allah ya kai mu.