Tukunyar suya mai iska ma tana son ɗan mai

Mutane da yawa a Jos sun ɗauka tunda tukunyar suya mai iska ce (wato air fryer, mai aiki da lantarki), ba a sa mai ko ɗigo. Sai a zuba karas da koren wake na kasuwar Farin Gada haka nan, su fito a yamutse, gishiri da yaji duk sun zube ƙasan kwando.

Abin da ke faruwa, fanka ce ke hura iska mai zafi, ita kuwa iska busarwa take yi. Man ne ke riƙe kayan ƙamshi, ya kai zafi jikin kayan lambun har gefensu ya yi ja.

Kaɗan ya isa: ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na man gyaɗa ga rabin kilo. A tsane ruwan kayan tukuna, domin mai ba ya kama jiƙaƙƙen abu. A cuɗanya su a kwano da hannu, ba a cikin kwandon ba. A sa zafin tukunyar a digiri 190 na ma'aunin Celsius, minti 10 zuwa 15, a girgiza kwandon in an kai rabin lokacin. Dankalin turawa yakan kai minti 20.

In man ya yi yawa kuma, ƙasa zai tsiyaya ya yi ta hayaƙi.