Karan wiwi a Faransa, karan rama a Kano

Shekarata shida ke nan a Troyes, wani gari a kudu maso gabashin Paris, ina aikin gyaran tsofaffin gidaje. Ranar da aka fara sauke mana wasu manyan buhuna a wurin aiki, na ga zanen ganyen nan mai yatsu a jikinsu, sai gabana ya faɗi. Duk wanda ya tashi a Kano ya san ganyen wiwi, ya kuma san inda yake kai mutum. Maigidan aikin ya lura na ja da baya, sai ya sa wuƙa ya farke buhu ɗaya, ya damƙo abin da ke ciki ya zuba mini a tafin hannu. Ɓarɓashin kara ne fari tas, mara nauyi, kamar an daddatsa tsinken sakace. Ba ganye, ba wari. Ya ce wannan tsakiyar karan ne bayan an ɓare bawonsa, da shi za mu yi bango.

Haka kuwa aka yi. Muka kwaɓa shi da farar ƙasa ta gini da ruwa, muka riƙa zubawa tsakanin katakai muna dannawa da sanda. Bangon ba ya ɗaukar nauyin rufi, ginshiƙan katako ne ke ɗauka, amma idan ya bushe yana riƙe ɗumi lokacin sanyi, ya tare zafi lokacin bazara. Ina dannawa ina tuna maginan unguwarmu, yadda suke tattaka jar ƙasa da ciyawa, su bar ta ta kwana kafin su ɗora tubali. Wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama da tsakar ranar watan Afrilu ya san sanyin da nake nufi.

Faransa ce ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai noman wannan tsiro, kuma a yankin da nake akwai ƙungiyar manoma mai suna La Chanvrière da ke sarrafa shi tun 1973. Ba sa zubar da komai. Zaren bawon ya tafi masana'antar takarda da ta kayan cikin ƙofar mota, tsakiyar karan ta tafi gini ko shimfiɗar dawaki saboda tana shanye fitsari, ƙwayar kuma a matse mai ko a ba tsuntsaye.

Na ɗauki hoton bangon na tura zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu. Kafin la'asar wani ƙanin abokina ya rubuto: "Yaya, ka gani ko? Turawa suna cin arzikin wiwi, mu kuma NDLEA tana tarawa tana cinna wuta." Wasu suka mara masa baya, har da masu cewa a halatta nomanta a huta. Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutu, domin ban yarda da ita ba, kuma ba na so a ce hotona ne ya ƙarfafa ta.

Abin da ake nomawa a nan da abin da ake kamawa a manyan motocin da ke tasowa daga dazukan Ondo da Edo jinsi ɗaya ne, amma iri daban. Dokar Turai ta ce sinadarin THC, wanda shi ne mai bugarwa, kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, kuma manomi ba ya shuka sai irin da hukuma ta tantance, ana kuma bin gonaki ana ɗibar samfur. Ana shuka shi a cunkushe don ya miƙe sama siriri, ya kai mita uku ko fiye. Wanda ake nomawa don sha kuwa ana ba shi tazara ya yi rassa, furen ake nema. Guntayen tsinken da mashaya ke watsarwa a kango ba za su yi igiya ba balle bango. Sannan a ido ganyen biyu ba su da maraba. Wa zai bi gona gona daga Kura zuwa Ɗambatta yana gwaji?

Kuma mu ba baƙi ba ne ga ɓarnar abin. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke shan wiwi a Najeriya. Ni ba na buƙatar adadin ma. Yaron da muka yi makarantar allo tare, wanda ya riga mu sauka, da idona na ga mahaifiyarsa tana bin sa lungu lungu da kwanon abinci, yana kallonta kamar bai taɓa saninta ba. Idan aka ce mini arziki, fuskarta nake gani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da namu karan, halal, wanda ba mai kama ka a kansa, mun kuma yi watsi da shi. Rama nake nufi. Masana tsirrai ma sunanta Hibiscus cannabinus suka sa, saboda ganyenta ya ɗauko kama da na wiwi, alhali 'yar'uwar zoɓo ce da kuɓewa. Mu 'yan birni kwaɗonta da ƙuli-ƙuli kawai muka sani yanzu. Amma ina yaro, Baffana yakan kawo damin karanta daga gonarsa bayan kaka, ya jiƙa a kududdufi ya danne da duwatsu har sai bawon ya saki. Warin ba daɗi, mu yara mukan toshe hanci. Sai ya ɓare, ya wanke, ya shanya a kan danga, da yamma ya zauna a ƙofar gida ya naɗe wando yana murza zaren a cinyarsa, igiya tana fitowa ta bayansa tana naɗewa. Da ita muke ɗaure akuya, da ita ake jan guga. Fararen sandunan da suka rage Inna ta hura wuta da su, suna kamawa nan da nan. Waɗannan sandunan, da za ka daddatsa su, da ƙyar ka bambanta su da abin da aka zuba mini a hannu a Troyes.

Wasu ƙasashen sun gane haka. Malesiya ta kafa hukuma guda don manoman taba su koma noman rama, kamfanonin mota irin su Toyota da Ford sun sa zarenta a jikin ƙofofin motocinsu. Mu kuwa je ka kasuwar Dawanau ka ga yawan hatsi da riɗi da zoɓon da ke fita kullum, sannan ka duba buhun da aka zuba su: ko na leda, ko na algarara da ake shigowa da shi daga Indiya da Bangaladash. Igiyar roba ta kori ta rama a kasuwar Kurmi, ledar da ta tsufa kuma ta gangara rafin Jakara ta toshe kwata. Ga rumfunan masana'antu a Sharaɗa da Bompai a kulle, ga matasa a bakin titi, ga gidajen bulo da kwano da ba a iya kwana cikinsu in an ɗauke wuta.

Na san ba abu ne mai sauƙi ba. Ana buƙatar injin ɓare kara, da wutar da za ta juya shi, da mai sayen da manomi zai dogara da shi kafin ya ba rama gona guda maimakon gefen kunya. Amma waɗannan matsalolin kuɗi ne da tsari, ba sai an taɓa doka ko tarbiyyar 'ya'yan mutane ba.

Makon jiya na kira Baffa. Na ce, "Baffa, har yanzu ana samun karan rama a wajenku?" Ya ce, "Ana samu mana, ɗana, sai dai wa zai saya? Ƙonewa ake yi." Na roƙe shi ya sa a tara mini dami goma bayan kaka, a ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba. Akwai ɗakin kaji a bayan gidanmu da bangonsa ya zube tun daminar bara, a nan zan fara gwadawa in Allah ya kai ni gida a watan Disamba.