Zagin da ke haye Bahar Maliya ba biza

Shekarata goma sha ɗaya a Jidda, ina aiki a wani ofishin kago, wato masu aika kaya gida. Lokacin Hajji da Umara sai mu rasa inda za mu sa ƙafa saboda dabino da dardumai da akwatunan tsaraba. Amma waɗanda ke riƙe da mu duk shekara mazauna ne, musamman mata masu aikatau a gidajen Larabawa. Bayan wata biyu ko uku mace ta tattara abin da ta samu, ta cika kwali, mu auna, mu naɗe da leda, mu rubuta Kano ko Katsina ko Damagaram.

Bayan ƙaramar Sallah ɗaya daga cikinsu ta kawo keken ɗinki za ta aika wa 'yarta da aka sa wa rana. Mace ce mai tsananin ciniki, riyal biyar ma sai mun yi ta ja-in-ja. Ran nan na faɗi kuɗi, ba ta ce uffan ba. Ta samu wani kwali ta zauna, ta miƙo mini wayarta mai tsagaggen gilashi.

"Yaya, duba mini wannan."

Bidiyo ne a TikTok. An ɗauko hotonta da ta taɓa sawa a sitatus na WhatsApp, tana tsaye a bakin teku ranar hutunta, cikin abaya da mayafi, ba abin da ya fito sai fuska. An ɗora kiɗa a kai, an rubuta: "Ga 'yan Takarin da ke cewa aikatau suke yi." Na gangara wajen sharhi. Wannan ya ce ai mun san irin aikin. Wancan ya ce Allah ya shirya, ya bi da 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye. Can ƙasa wani ya rubuta sunan unguwarsu da sunan mahaifinta. Dangin angon sun gani, sun aiko a ɗan dakata da maganar biki.

Na ce, "Hajiya, ai ƙasar nan akwai doka a kan wannan."

Ta dube ni ta yi wata irin dariya. "Da wace igamar?"

Dokar kuwa tana nan, kuma tana da haƙora. Tun 2007 Saudiyya ta kafa dokar laifukan intanet. Wanda ya ɓata sunan wani ta waya ko kwamfuta, ko ya ɗauki hoton mutum ya keta masa sirri, yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun. A 2018 aka ƙara wata dokar a kan masu damun mutane da maganar batsa ko alamunta, ko a titi ko ta waya: har shekara biyu da tarar riyal 100,000, in kuma an maimaita ko yaro aka yi wa, ta kai shekara biyar da riyal 300,000. A 2021 aka ba alƙali damar ya sa a buga sunan mai laifin a jarida, da kuɗinsa. Kai ƙara ba sai ka taka zuwa ofishin 'yan sanda ba, akwai manhajar Kulluna Amn, ka ɗora hoton abin da aka rubuta ka tura. Layin waya kuma ba a ba ka sai da katin shaida ko igama, wato takardar izinin zama, da ɗan yatsanka, saboda haka sunan bogi ba ya ɓoye kowa na dogon lokaci.

Na ga aikin wannan tsoro da idona. Wata rana motoci biyu suka yi karo a gaban ofishinmu, direbobin suka fito suna cacar baki. Irin sabon gida, na zaro waya zan ɗauka. Wani dattijo ɗan Yaman mai shagon kusa da mu ya kama mini hannu ya sauke, ya ce in ba na son kwana a hannu in mayar da ita aljihu. Na waiga, mutane sun fi ashirin a tsaye, kusan ba wanda ya ɗaga waya. Nan take na tuna wani hatsari da na gani a hanyar Zariya lokacin da na je hutu, mutum kwance cikin jini, zanen wata mata ya kwance, samari kuwa sun yi da'ira kowa na neman inda hoto zai fi fita.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce gida su kwaikwayi nan, in rufe baki. Sai dai baiwar Allahn nan da ke zaune a kan kwali ta riga ta nuna mini inda dokar ta ƙare. Wanda ba shi da takarda, ofishin 'yan sanda gare shi ƙofar Shumaisi ce, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, daga nan sai jirgin komawa gida da kayan jikinsa. Mai igama ma da yawa ba sa son abin da zai kai sunansu gaban hukuma, kada kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya ji ya ce ba ya son fitina. Su kuwa masu zagin sun san haka sarai. Bahaushen da ba zai taɓa kuskuren rubuta wa Balarabiya baƙar kalma ba, shi ne zai buɗe laif da tsakar dare yana kiran sunayen matan unguwarsu ɗaya bayan ɗaya. Bai ƙara tarbiyya ba don ya zo ƙasa mai tsarki. Ya dai gane wanda ake taɓawa a kwana lafiya.

Kuma a lura, sitatus ba ya buɗuwa sai ga wanda kuka ajiye lambar juna. Wanda ya fara sace hoton nan ya san ta, wataƙila ma sun ci tuwo a kwano ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya tura wa wani a Najeriya, can aka haɗa bidiyon, inda hukumar Saudiyya ba ta da iko ko da an kai ƙara.

To a can gida fa? Mu ma muna da doka. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, a yadda aka fara kafa ta, ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai ga mai tura saƙon cin zarafi. Abin tambaya shi ne wa take wa aiki. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin, da tarar naira dubu goma, da sharar harabar kotu ta kwana talatin, saboda sun taɓa Gwamna Ganduje. A cikin watan nan dai aka ɗauke Aminu Adamu, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, aka kai shi Abuja saboda wani rubutu da ya yi a Twitter a kan Aisha Buhari, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. Ka ga saurin da aka nemo su. Ashe in ana so, ana iya gano mai waya ko a wane lungu yake. Sashen nan na 24 an yi ta kama 'yan jarida da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, sannan aka yi masa gyara a 2024.

Yanzu a ce mahaifiyar wannan mata ta ɗauki mayafi ta tafi caji ofis ta ce an ci mutuncin 'yarta a TikTok. Duk wanda ya tashi a gida ya san abin da zai biyo baya. Za a fara tambayarta kuɗin mai, sannan a tambaye ta me ya kai 'yar tata sa hoto tun farko. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan karin maganar an fi jefa wa mata ita fiye da kowa. Ko Rahama Sadau, da duk sunanta da kuɗinta, lokacin da aka yi mata caa a 2020 a kan wasu hotuna da kuma saɓon da wani daban ya rubuta a ƙarƙashinsu, ita ce ta fito tana kuka tana neman gafara. Ina ga mai aikatau?

Akwai kuma ɓangaren da ba a faɗa da ƙarfi a nan, ni ma sai da na goge wannan sakin layi sau biyu kafin na bar shi. Shirun da ake gani a wayoyin mutanen ƙasar nan ba duka ne na kunya ba. A 2022 duniya ta ji labarin Salma al-Shehab, ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Leeds ta Ingila, da aka yanke wa shekara 34 saboda abubuwan da ta rubuta ta kuma yaɗa a Twitter. Daga baya aka rage, aka sake ta a 2025. Igiyar da ke ɗaure mai zagin mata ita ce ke ɗaure mai tambayar hukuma. Don haka in na ji wani a gida yana cewa a kawo mana irin dokar Saudiyya, sai in ce ya yi a hankali da addu'arsa. Rabin da ya shafi kare masu mulki mun riga mun kwaikwaya, har mun ƙware. Rabin da talaka zai danna waya ya kai kukansa a saurare shi ba tare da ya biya ko sisi ba, shi ne muka bari a baya, kuma shi kaɗai nake mana kwaɗayi.

Me ya sa abin ya yi mana katutu haka? Kuɗi na ciki. Zagi na tara mabiya, mabiya na kawo talla da kyaututtukan da ake jefawa a laif, saboda haka mutuncin wata ya zama jarin wani. 'Yan siyasa su ma sun ba da gudummawa. Sojojin bakan da muka saba ji a rediyo sun haifi 'ya'ya a Facebook, ana ba yaro kuɗin data ya wuni yana zagin sa'an ubansa, in zaɓe ya wuce bakin ya riga ya saba, sai ya nemi wanda zai huce a kai. Kamfanonin da ke da dandalin kuwa ba sa jin Hausa yadda ya kamata. Na taya matar nan kai rahoton bidiyon, amsa ta dawo wai bai saɓa wa ƙa'idarsu ba. Ta yaya na'ura za ta gane cewa "Allah ya shirya" na iya zama wuƙa? Mu mutane ne masu habaici da gugar zana, muna iya kashe aure ba tare da mun furta ashar ko ɗaya ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne rigar da muke sa wa abin. Kusan duk mai tona asirin wata zai ce gyara yake yi, nasiha ce, kishin addini ne. Wace irin nasiha ce ake ɗora wa kiɗa? Addinin da ake fakewa da shi ya sa bulala tamanin a kan wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, yana nan a Suratun Nur. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi da bin diddigi da yi da mutum. Muna da kotunan shari'a a jihohin Arewa fiye da shekara ashirin. Da ana ɗaukar ƙazafin da ake yi a waya da zafin da ake ɗaukar hoton mace ba ɗankwali, da bakuna da yawa sun mutu. Ni kaina ba zan wanke hannuna ba. Akwai zauren WhatsApp na 'yan garinmu mazauna Jidda, an sha turo irin waɗannan bidiyoyi, na sha kallo har ƙarshe, wani lokaci in tura wa abokina in rubuta "ka ga ikon Allah". Ban taɓa tunanin wadda ke ciki tana da 'yar da aka sa wa rana ba, sai da ta zauna a gabana.

Abin da ya ɗan yi aiki a ƙarshe tsohuwar hanya ce. Na kai maganar wajen wani dattijo a unguwarmu, haifaffen nan ne amma Hausa a bakinsa kamar jiya ya baro Kano, shi ake kai wa rigimar aure da ta bashi. Ya saurara yana jan carbi, ya ce, "Ɗana, bar mini." Cikin kwana uku aka gano wadda ta fitar da hoton, tsohuwar abokiyar zamanta ce, rigimar adashi ta raba su. Ya kira ta, ya kira wani ɗan'uwanta a gida, aka matsa wa yaron da ya haɗa bidiyon ya goge. Ya goge nasa. Shafuka uku da suka kwafa har yanzu nasu na nan, ba wanda ya san masu su.

Makon jiya ta dawo da wani ƙaramin kwali, zannuwan gado da kofuna. Na tambaye ta maganar biki, ta ce dangin angon sun ce suna shawara. Ta cire hotonta daga ko'ina, har ɗan hoton da ke jikin lambarta ta mayar da shi fure. Na ɗauko alƙalami zan rubuta mai aikawa kamar yadda na saba, sai ta tare ni.

"Yaya, kada ka sa sunana a jikin kwalin. A tashar can kowa karantawa yake yi. Rubuta na ƙanena."