Wai mun wuce Faransa a masana'antu!

To, barkanmu da arziki. Tun jiya ake ta yawo da hoton nan na alƙaluman Bankin Duniya, wai kason masana'antu a tattalin arzikin Chadi ya fi na Faransa. Har da masu liƙa tuta a ƙasan hoton. Sai mu share gida, gobe Faransawa za su fara layin biza zuwa Injamena.

Ɗanyen mai ne, jama'a. Layin "masana'antu" na alƙaluman nan da kuke tafa wa ya haɗa haƙar mai da ma'adinai, gine-gine, lantarki da ruwa, sannan sarrafa kaya ya raɓe a gefe. Tun 2003 man Doba, a kudancin Chadi, yake bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi a Kamaru, a ɗura shi a jirgi yadda ya fito daga ƙasa. Shi ne ya kumbura mana lissafi. Kuma kaso ne, ba yawa ba: na Faransa ya yi ƙasa ne don bankuna, sufuri, asibitoci da yawon buɗe ido sun cika nasu lissafin.

Na san wani zai ce ai ga matatar mai ta Jarmaya, kusa da Injamena. Eh, tun 2011 tana nan, ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Ga sukarin Banda, ga gurzar auduga a Mundu. Sannunku. Ku ƙirga, yatsun hannu ma sun yi muku yawa.

Ɗanyen mai ne. Ganga ta yi tsada a kasuwar duniya, kasonmu ya hau ko ba a ɗauki lebura ɗaya ba. Da farashi ya karye a 2014, wace masana'anta ce ta tare mu? Albashi ma sai da ya gagara.

Wallahi ba don raina ƙasata nake faɗa ba, abin yana ci mini rai. Shanunmu a ƙafa suke tafiya Najeriya, riɗi da ƙaro a buhu suke fita, ribar sarrafawa ta wasu ce. Mai son gaskiya ya nemi layin sarrafa kaya shi kaɗai, inda ake cire kuɗin kayan da aka sayo daga kuɗin abin da aka ƙera. Can ne aikin yaranmu yake.